Suna Biyu a Allo, Ɗaya a Takarda

"Ɗan mai wankin gidan nan? Wanda ubansa ya tsufa yana durƙusa wa mahaifinku yana karɓar ƙullin kaya? Auta, ki dubi Allah ki faɗa mini, me na yi miki?"

Umma ce ke wannan magana, tana zaune a bakin gado hawaye na bin kumatunta. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, banki zan je, har ma na makara. Umma ta iya zaɓen lokacin kukanta. Ban taɓa ganin ta yi shi ranar da ba ni da wurin zuwa ba.

"Ba abin da kika yi mini, Umma. Wanki sana'a ce, ni ma da ita nake ci yanzu."

"Ke mai shago ce, shi mai guga. Ƙwarya ta bi ƙwarya, 'yar nan. Ga Manaja, mutum kamili, abokin yayanki, da ƙafarsa ya tako har gida yana neman ki. Kin tsaya kina kallon wanda sabulu ya gama cinye wa hannu."

"Shagon namu ne mu biyu, Umma. Ni da Dogo."

"Kar ki ƙara ambata mini wannan sunan a ɗakin nan!"

Na gyara jakata a kafaɗa na juya, amma ba don maganata ta ƙare ba.

Lokacin da na gama jami'a na yi ta yawon neman aiki har ƙasan takalmina ya cinye, ba wanda ya tuna da maganar ƙwarya. Dogo ne ya zo mini da shawara. Yana da wasu tsofaffin injinan wanki da ya saya a hannun 'yan gwangwan ya tayar da su da hannunsa, ya ce ni in kama shago in riƙe karɓar kaya da hulɗa da jama'a, shi ya riƙe inji da dutsen guga. Muka sa aka rubuta mana allo, shuɗin rubutu a kan farin fenti: AUTA DA DOGO, WANKI DA GUGA. Soyayya kuwa ban san ranar da ta shigo ba. Waiwayawa kawai na yi na tarar ta riga ta cire takalmi ta zauna.

Yanzu otal ɗin da Manaja ke riƙe da shi ya ba mu aikin wanke zannuwan gado da tawul. Aiki ne da zai ɗaga shagon, ba ƙarya. Sharaɗinsu ɗaya ne, ba sa biya a asusun mutum sai a asusun kasuwanci. Abin da zai kai ni banki ke nan.

Ina fitowa tsakar gida na ga Yaya yana goge gilashin motarsa.

"Shiga in kai ki," in ji shi.

Yaya da ko asibiti zan je sai ya ce in nemi abin hawa. Na shiga dai, ina cewa a raina ruwa ba ya tsami banza.

* * *

Ma'aikaciyar bankin dattijuwa ce mai tabarau a kan karan hanci, irin matan nan da ba sa gaggawa kuma ba sa tsallake layi in suna karatu. Teburinta na can kusurwa, kusa da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga cikin wani ɗan bokiti. Ta karɓi takardar rajistar kasuwanci, da takardar hayar shago, da katin shaidata, da hoton gaban shagon da suka ce a zo da shi. Ta jera su a gabanta ɗaya bayan ɗaya.

"Wane irin kasuwanci ne?"

"Wanki da guga."

"Wannan na gani a allo. Tsarinsa nake tambaya. Na mutum ɗaya ne, ko haɗin gwiwa ne, ko kuwa kamfani ne mai hannun jari?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya cafe.

"Ita kaɗai ce, Hajiya. Wancan ɗayan yaron shago ne kawai."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Malam, akwai sunanka a takardun nan?"

"A'a, ni yayanta ne."

"To Allah ya bar zumunci. Ita nake tambaya."

Da ba a banki muke ba da na yi dariya. Ta juya ga kwamfuta ta danna lambar rajistarmu, ta jira, ta karanta, sannan ta sa yatsa a kan takardun tana nuna mini.

"Ga abin da ke gabana. Rajista ta ce kasuwancin mutum ɗaya, sunanki kawai. Takardar haya ta ce mutum biyu suka kama shagon. Allo ma ya ce biyu. Wanne zan ɗauka?"

Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, mun dai ɗauka ba komai ba ne. Lokacin rajistar Dogo ne da kansa ya ce in sa sunana ni kaɗai, don kar Umma ta gani hankalinta ya tashi. "Takarda ce kawai, Auta," in ji shi a lokacin, "mu ai mun san mu biyu ne." Mu a tunaninmu takarda daban, amana daban, ba za su taɓa haɗa hanya ba. Yau ga su sun haɗu a kan teburin banki.

"Banki ba ya buɗe asusu sai ya san da wa yake hulɗa," ta ci gaba. "In gobe wannan Dogon ya shigo ya ce da haƙƙinsa a ciki, me zan ce masa? Hanya biyu ce. Ko dai a cire shi daga takardar haya da allo, ya kuma faɗa mini da bakinsa cewa shi ma'aikaci ne. Ko kuwa ku koma ofishin rajista a mayar da shi haɗin gwiwa, ku rubuta yarjejeniya, ku zo ku sa hannu tare."

"Haɗin gwiwar fa, me ke cikinta?" na tambaya.

"Ba kwalliya ba ce, ki ji da kyau. Duk abin da ɗaya ya ɗauko da sunan shago ya hau kanku duka. In ya ƙona rigar mutane, ke ma kin ƙona. In ya faɗi kin faɗi. Ba a shiga da wanda ba a yarda da shi ba."

Yaya ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Kin ji ko? Daga bakin banki."

Na ji mana. Tun da nake ban taɓa jin wanda ya bayyana abin da ke tsakanina da Dogo daidai kamar matar nan ba, ga shi ko ganinsa ba ta taɓa yi ba.

Ta tattara takardun ta miƙo mini. "Gobe da hantsi zan zo in ga shagon da idona, haka muke yi. Duk mai hannu a ciki ya kasance yana nan."

* * *

Da yamma sai ga Manaja a falonmu, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Wato Yaya ko gida bai bari mun iso ba sai da ya kai masa rahoto. Umma ta shimfiɗa masa fara'ar da rabon da in gan ta tun ina makaranta.

"Na ji an sami 'yar matsala a banki," in ji shi yana murmushi. "Abu mai sauƙi ne, ƙanwata. Lauyana zai yi miki rajistar kamfani sosai, mai hannun jari. Ke shugaba, ni na biyu. Ko asara aka yi ba za ta taɓa kayanki na gida ba, a kamfani za ta tsaya. Shi kuma wancan yaron a yanka masa albashi mai kyau, ba za a cuce shi ba."

"Injinan nasa ne," na ce.

"Sai a saya masa su. Ko a jefar a kawo sababbi."

"Wa zai tayar da su in sun mutu da tsakar rana, kayan mutane a ciki? Lauyan naka?"

"Auta!" Umma ta daka mini tsawa.

Manaja bai daina murmushi ba, amma idonsa ya daina. Ya gyara agogon hannunsa.

"Ni dai taimako nake. Kin san masu otal suna son su san da wa suke hulɗa. Ni na tsaya miki suka yarda. In suka ji rabin shagon na wani mai guga ne da ba a san asalinsa ba, ban san abin da zan ce musu ba."

"An san asalinsa," na ce. "Ubansa ne ya wanke duk rigar da Yaya ya sa ya je makaranta."

Yaya ya miƙe kamar zai kai mini mari. Umma ta fashe da kuka, ta kamo hannuna ta jawo ni kusa da ita.

"Auta, ke ce ƙaramata. Tun da mahaifinku ya rasu ke nake kallo in ji sanyi. So kike ki sa dangi su yi mini dariya? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yau daɗi kike ji, gobe in wahala ta zo wa za ki yi wa kuka?"

"Ke zan yi wa, Umma. Wa nake da shi?"

"To ki cire sunansa. Ban ce ki kore shi ba, ban ce ki auri kowa gobe ba. Sunan kawai."

Kukan Umma na karya mini zuciya, wannan ba zan ɓoye ba. Na durƙusa a gabanta ni ma ina hawaye, na kwantar da kaina a cinyarta, tana shafa mini kai kamar ina yarinya. Amma har na tashi ban ce "to" ba, ita ma ta lura ban ce ba.

* * *

Washegari na yi sammako, don in riga ma'aikaciyar bankin isa in yi magana da Dogo. Na kira shi ya fi a ƙirga tun jiya bai ɗauka ba.

Tun daga kwanar layinmu na hango tsani a jikin shago, da mutum a kansa. Tsawon nan ba na kowa ba ne. Yana riƙe da gwangwanin farin fenti a hannu ɗaya, buroshi a ɗayan. Allon yanzu cewa yake AUTA DA, sai wani farin ɗanyen tabo da shuɗin rubutu ke leƙowa ta ƙarƙashinsa.

"Dogo! Me kake yi haka?"

Bai waiwayo ba. "Gyara nake."

"Sauko."

"Bari in ƙarasa, Auta. Sai an yi shafi biyu yake rufewa."

"Wallahi in ba ka sauko ba sai na janye tsanin nan."

Ya san zan iya. Ya sauko a hankali, ya ajiye gwangwanin a kan benci. Idanunsa sun yi ja. A cikin shago inji na ta juyi, ga tawul ɗin otal da aka kawo mana na gwaji an ninke su fari tas a kan kantar shago, ga dutsen guga a tsaye yana huci.

"Wa ya ba ka fentin?"

"Yaya ne ya zo jiya da daddare."

"Ya ce me?"

"Gaskiya ya faɗa. Ya ce in sunana ya tsaya aikin otal zai tafi. Ya ce Umma ba ta iya cin abinci. Ya ce matar banki ta ce in na faɗi ke ma kin faɗi." "Auta, ni ban da komai sai hannuwan nan. Ga Baba a kwance, ga ƙannena. Ni mai faɗuwa ne ko yaushe. Don me zan ɗaure ki a ƙafata?"

"Kai ka ɗaure ni? Ni akuya ce?"

"Ki fahimce ni mana. Ba abin da zai canja. Zan zo da safe in kunna inji, in yi guga, in rufe shago. Mu ai mun san mu biyu ne. Takarda ce kawai."

Wannan kalma ta ƙona mini rai fiye da duk abin da Manaja ya faɗa. Hawaye suka zubo mini, ban share ba.

"Haka ka ce wancan karon, na biye maka, ga inda ta kai mu. Yau allo ne kawai, gobe takardar haya ce kawai, jibi injinan ne kawai. Rannan sai in wayi gari a ɗakin wani, kai kana goge masa riga, kana ce mini aure ne kawai, mu ai mun san mu biyu ne!"

"Subhanallahi, Auta."

"Ba sunanka kake shafewa ba, Dogo, ni kake miƙa musu. Su ba su iya cire ka ba shi ya sa suka ba ka buroshi ka cire kanka. Kai kuma da kunyarka da kawaicinka ka karɓa har da godiya."

Ya sunkuyar da kai. Wani ɗigon fenti ya gangaro daga allon ya faɗo a kafaɗarsa.

"Ba na son a ce na raba ki da uwarki," ya ce a hankali.

"Wannan tsakanina da ita ne, ni zan ɗauka. Kai naka ɗaya ne. In aka tambaye ka, ka faɗi gaskiya."

Motoci biyu suka tsaya a bayanmu kusan tare. Daga ɗaya Yaya da Manaja suka fito, daga ɗayar ma'aikaciyar bankin, da jakarta a hammata.

Ta amsa gaisuwarmu, ta shiga shagon ta duba injinan, ta duba kantar ajiye kaya, ta fito ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon allon.

"Jiya a hoto suna biyu na gani," in ji ta.

"An gyara, Hajiya," Yaya ya amsa da sauri. "Kamar yadda kika ce."

"Ni ban ce a gyara ba, hanya biyu na faɗa." Ta juyo gare ni. "Mai rajista, me kika yanke? Na mutum ɗaya ne?"

Yaya ya zuba mini ido. Manaja na wasa da makullin motarsa. Masu shagunan maƙwabta sun fara leƙowa, tela har ya tsayar da kekensa.

"Haɗin gwiwa ne," na ce, na ɗaga murya yadda har tela zai ji. "Mu biyu ne tun ranar farko. Yau ɗin nan za mu je ofishin rajista a gyara."

"Auta, ki shiga hankalinki," in ji Yaya.

Matar ba ta ko kalle shi ba. Ta dubi Dogo tun daga ƙafa har kai, da fentin da ke hannunsa.

"Kai ne Dogo? Maganar mutum ɗaya ba ta haɗa gwiwa. Sai na ji daga bakinka. Kai ma'aikaci ne a nan, ko da kai a ciki?"

Manaja ya matso kusa da shi ya sassauta murya.

"Ka yi tunanin mahaifinka, abokina. Albashi mai kyau, duk wata, ba fashi."

Dogo ya dubi Manaja, ya dubi Yaya, sannan ya dube ni. Ban yi masa alama ba, ban roƙe shi da ido ba. Na riga na faɗi tawa. In ya ce ma'aikaci ne, na san daga nan gida zan wuce in kwanta in yi kukan da ban taɓa yi ba.

Ya goge hannunsa a jikin wando.

"Injinan nan ni na tayar da su, Hajiya," ya ce. "Shagon ita ta tayar da shi. Da ni a ciki. In ta faɗi na faɗi."

Ta ciro biro ta yi rubutu a takardarta. "Madalla. Ku gyara rajista, ku kawo yarjejeniya, ku zo ku biyu da katin shaida. Allon nan kuma a mayar da shi yadda yake, don hoto zan ɗauka kafin in tafi."

Manaja ya yi wata 'yar dariya. "To, sai a haɗa mini tawul ɗin otal. Ba na jin za mu ci gaba."

Na shiga na kwaso su na ɗora masa a hannu, na zare ɗaya daga sama, mafi fari a cikinsu. Na buɗe galan ɗin kananzir da Dogo ke wanke ƙarafa da shi na jiƙa shi sharkaf.

"Wannan ka sa a lissafinmu, mu biyu za mu biya," na ce masa. Na miƙa wa Dogo. "Hau ka goge, tun bai bushe ba."

Yaya ya tako har gabana. Fuskarsa ba fushi kawai ba ce, har da wani abu mai kama da tsoro, shi ya fi taɓa ni.

"Umma ta ce in kika zaɓe shi, in karɓo mata makullin gida."

Na ciro zoben makullaina na zare na ƙofar gidanmu, wanda mahaifina ya ba ni da hannunsa ranar da na shiga jami'a. Na sa shi a tafin Yaya na naɗe masa yatsunsa a kai.

"Ka ce mata zan zo in ƙwanƙwasa. Kullum zan zo, har ranar da za ta buɗe."

Ya juya ya shiga mota. Motarsu ta tashi.

Dogo ya sa ƙafa a tsani. Tsanin tsoho ne, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, sai an riƙe. Na kama shi da hannu biyu, ya hau ya fara gogewa, farin fentin na narkewa yana ɗigo mini a mayafi, shuɗin harafin farko ya fara fitowa.

A cikin jakata waya ta fara ruri. Sautin da na sa wa Umma ita kaɗai ne.

"Auta, wayarki," in ji Dogo daga sama.

"Na ji," na ce, hawaye na zubo mini. "Ci gaba da gogewa. In na saki faɗowa za ka yi."